Ɗabaƙoƙin Ɗaliban Intanet

Tun daga shekarar 2001, sa'ad da jami'ar MIT ta Amurka ta yi shelar za ta baje darussanta a intanet fisabilillahi, har zuwa 2012 da shafukan karatu na Coursera da edX suka bayyana, ilimin da a da sai an ɗaura guzuri an ƙetare teku kafin a ji ƙamshinsa ya iso aljihun duk mai waya. Amma da yake Allah bai raba wa bayinsa himma daidai ba, almajiran wannan tsangaya marar bulala sun kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Mafi yawansu jama'ar Sarkin Rajista ne, wanda ba ya ganin fanni, ko falaki ne ko lissafin kuɗi, face ya rubuta sunansa, alhali ganin Dala ba shiga birni ba ne. Yana da 'yan'uwa ko'ina: a 2011 mutum kimanin 160,000 suka shiga wani darasin kwamfuta na jami'ar Stanford, kimanin 23,000 suka kai ga sauka.

Ƙaninsa Ma'aji ya fi shi wahala, domin shi yakan raya dare, ba don nafila ba, sai don datar dare ta fi araha, yana kwaso littattafan jami'ar NOUN da na wasunta har wayar ta ce ba wuri. Kuma idan ka tambaye shi abin da babi na farko ya ƙunsa, sai ya gyara zama ya gaya maka adadin abin da ya tara, yana mai yaƙinin cewa mallakar littafi rabin haddace shi ce.

Mai neman ijaza kuwa tsallake karatu yake yi ya faɗa jarrabawa, sai a ƙarshe ya tarar darasi kyauta ne, takardar shaida da dala ake biya.

Wanda na fi tsoro shi ne Shehun Mako Guda, wanda ya saurari darasi uku a kan ɗibbu, ya wayi gari yana gyara wa likita magana, yana ba da fatawa a majalisar mai shayi, tare da cewa ko sunan malamin da ya saurara bai riƙe ba.

Akwai kuma baiwar Allah da ba a jin duriyarta, wadda takan jira yara su yi barci, ta karɓo wayarta daga mai caji saboda an ɗauke wuta, ta maimaita jimla guda sau da yawa domin Turancin malamin ya yi mata sauri, amma ba ta fasa ba. Saboda irinta nake roƙon malamanmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, don girman Allah, su zauna su karantar da waɗannan fannoni da Hausa, su saka a intanet kyauta.