Iskar ƙauye kyauta ce

Duk wanda tsadar haya ta kora daga birnin Kano zuwa gefen Gezawa ko Dawakin Kudu, watansa na farko wa'azi yake yi: ga iska, ga filin kiwon kaji, ga maƙwabta masu aiko da fura. Har dariya yake wa 'yan rukunin wuta na Band A, da aka mayar musu da yunit ɗin lantarki naira 225 a watan Afrilun 2024. Shi kam bil ɗinsa bai taka kara ya karya ba, tunda wutar sai tsakar dare take leƙowa, ta koma kafin a lalubo caja.

Wata na biyu muryar ke sauka. Famfon tsakar gida ado ne, a kansa uwargida ke shanya tsumma, ɗan garuwa kuwa ya san ba shi da kishiya. Janareto na shan fetur, babur ɗin zuwa aiki na sha, kuma tun 29 ga Mayun 2023 babu tallafin mai. Kiran waya ma sai an hau tudun bayan masallaci.

Malam, kafin ka ɗaure kaya, tambayi kuɗin jarka tukuna.