Cincin ɗin Kwamanda

Duk wanda ya san ni ya san ko kyanwa ban taɓa kiwo ba. Iyakar hulɗata da kare ita ce in ya biyo ta wannan gefen titi, ni in tsallaka wancan. Saboda haka ranar da Yaya ya kira ni ya ce zai tafi kwas na mako uku, iyalinsa kuma suna Katsina, yana so in riƙe masa Kwamanda, na ɗauka wani abokin aikinsa ne zai sauka a gidana. Har na sa an share ɗakin baƙi.

Da la'asar sai ga mota a ƙofar gida. Aka buɗe baya, wani abu ya diro, kunnuwa a tsaye kamar an sa musu sitati. Irin karnukan 'yan sandan nan ne 'yan asalin Jamus, nauyinsa kilo 30, in ji katin asibitinsa. E, yana da katin asibiti, har da hatimin allurar haukan kare. Ni da na shekara goma sha huɗu ina koyar da lissafi, nawa katin ban san inda yake ba.

"Ba shi da rigima," in ji Yaya. "Abincinsa ne kawai ya ƙare. Na tura maka kuɗi, ka saya masa."

"Wane iri, Yaya?"

"Mai kyau," ya ce, ya ɗaga gilashi ya tafi.

Uwargida ta leƙo, ta dubi kare, ta dube ni, ta kafa doka nan take: iyakarsa gareji, kwanonsa ba ya haɗuwa da nata, kuma duk abin da ya fito daga cikinsa tsakanina da shi ne. A lokacin na ga sharaɗi na ukun ne mafi sauƙi.

A babban kanti na tarar da layi guda cur na abincin karnuka. Yaron kantin ya tare ni: "Alhaji, na gwangwani ko busasshe?" Na dubi buhun busasshen. Hoton da ke jikinsa wasu ƙwayoyi ne masu ruwan ƙasa, waɗanda in ka zuba su a turke ba mai cewa ba akuya ce ta yi su ba. Na dubi gwangwanin, sai ga yankan nama yana iyo cikin romo, har da karas. Na yi tunani irin na Bahaushe: baƙon amana ne, ba a tarbar baƙo da gayan tuwo. Na ɗauki gwangwani shida, a ƙiyasina abincin kwana shida ke nan, na fito ina jin kaina mai karamci.

Na juye na farko a kwano. Kafin in miƙe daga sunkuyon da na yi, kwanon ya zama tas. Kwamanda ya ɗago ya dube ni irin kallon wanda aka ba ɗanɗano a wajen mai tsire. Na ce masa sai da safe. Daren nan ba wanda ya runtsa a layinmu. Bayan sallar Asuba Liman ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, mun ji ka yi baƙo. Allah ya ba shi lafiyar maƙogwaro."

Sai a sannan na sa tabarau na karanta ƙananan rubutun da ke bayan gwangwanin. Kare mai nauyin Kwamanda yana bukatar gwangwani uku zuwa huɗu a rana. Huɗu sau kwana 21 ya ba da 84. Na duba kuɗin da Yaya ya turo, na ga ko mako ba za su kai mu ba. Na ƙara gangarawa ƙasa na ga abin da ya fi ƙona min rai: kashi 80 cikin ɗari na abin da ke ciki ruwa ne. Wato a gwangwani mai giram 400, giram 320 ruwa ne zalla. Ruwan da aka ɗauko a jirgi daga wata uwa duniya, aka biya masa kwastan, na saye shi a farashin nama, alhali ga 'yan ga-ruwa suna wucewa ta ƙofar gidana da kura cike da jarkoki.

Na ce to bari a yi tattali, a riƙa ba shi biyu da rabi. Rabin nan shi ya jawo fitina ta biyu, domin gwangwanin da aka buɗe firiji yake so, kuma ko a firijin kwana biyu zuwa uku ne iyakarsa. Na lallaɓa na ajiye shi kusa da zoɓon Uwargida. Ba zan maimaita abin da ta faɗa ba. Ya isa in ce rabin gwangwanin ya koma gareji, kuma da ma ko ta yarda wahalar banza ce, domin da azahar aka ɗauke wuta ba a dawo da ita ba sai washegari. Afrilu ne, a Kano, zafi ya haura digiri 40. Kafin magariba ƙudajen unguwa uku sun hallara, warin kuma ya kai har zauren maƙwabci.

Washegari na koma kanti da kunyata na ɗauko buhun busasshe. Yaron ya yi murmushi, bai ce komai ba, Allah ya yi masa albarka. Na cika kwano na tura wa Kwamanda. Ya sunsuna, ya juya min baya. Ranar farko ya yi yajin cin abinci. Rana ta biyu yunwa ta karya yajin, ya cinye har da lashe kwano, na ce alhamdu lillahi an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Cikin dare zawo ya ɓarke masa, sharaɗi na uku ya fara aiki. Ƙarfe biyun dare ga ni a gareji da bokiti da tsintsiya da tocila a baki, shi kuma gogan yana kwance yana kallona kamar mai duba aikin lebura.

Tunda barci ya gagara, na zauna a kan bulo na shiga bincike a waya, in ga wane ne ya jawo min wannan. Ashe wani Ba'amurke ne, James Spratt, wanda wajen 1860 ya ga karnuka na cin ragowar biskit ɗin matuƙa jirgin ruwa a Ingila, ya ce ga kasuwa, ya fara toya wa karnuka nasu. Na gwangwani kuwa a 1922 ya fito a Amurka da sunan Ken-L Ration, kuma naman doki ake cusawa ciki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo aka karkatar da ƙarfen gwangwani wajen yaƙi, sai busasshe ya samu fili. Wato rigimar da ta hana ni barci ta girmi kakana.

Da gari ya waye na kira wani abokina da muka yi sakandare tare, yanzu likitan dabbobi ne. Sai da ya yi dariya mai isarsa.

"Kai yanzu in shekara guda kana cin shinkafa, aka wayi gari aka ɗirka maka ɗan wake kwano uku, me zai faru?"

Ya ce ba a sauya wa kare abinci dare ɗaya. Ana gaurayawa ne: kwata na sabo cikin tsohon, sai rabi, sai kashi uku cikin huɗu, har mako ya cika. Na ce to Dokta, wanne ya fi? Ya ce in dai an rubuta a jiki cewa cikakken abinci ne, kowanne zai riƙe kare. Na gwangwani ya fi ƙamshi da laushi, shi ake ba tsohon karen da haƙora suka gaji, ko mara lafiyar da ba ya son ci, ko wanda ba ya shan ruwa sosai. Busasshe ruwansa wajen kashi 10 ne kawai, don haka ya fi araha, ya fi jure ajiya, giram ɗari uku da wani abu sun ishi Kwamanda a rana, amma dole kwanon ruwa ya kasance a cike kullum. "Ka dubi gidanka kafin ka dubi kanti," in ji shi. "Kana da wuta? Kana da firijin da aka yarda ka taɓa?" Na yi shiru. Ya kuma gargaɗe ni kada tausayi ya sa in zuba masa miyarmu, domin albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke hanji. Daga ƙarshe ya ce in juye busasshen a mazubi mai murfi, don in ya sha danshi ya yi fumfuna, guba ce.

Mazubi mai murfi. Na shiga sito na ga wata farar roba mai kyau, wadda Uwargida ta zuba cincin ɗin ƙaramar Salla, yara sun riga sun ga bayansa. Na wanke, na shanya, na cika ta da abincin Kwamanda, na mayar da ita daidai inda na ɗauko, saboda ni mutum ne mai tsari.

Kwana biyu bayan haka Kawu ya zo daga Ɗambatta ganin likitan sukari. Uwargida ta tafi barka, ni ina makaranta. Na dawo na same shi a kan tabarma, ƙafa a miƙe, kofin shayi a dama, farar roba a hagu, ɗan autana mai shekara biyar yana zaune gefe yana alfaharin ya tarbi baƙo. Daga gareji kuwa ana jiyo wani siririn kuka, kukan mai kallon ana cin dukiyarsa.

"Ɗan nan," in ji Kawu yana tauna, ƙurus-ƙurus, "wannan karon matarka ta yi tunani. Ba sukari ko kaɗan, daidai da mu. Sai dai ɗan ƙarnin kifi. Sabon yayi ne?"

Na tsaya da jaka a hannu. Zuciya ɗaya ta ce yi shiru, rashin sani ai rahama ne. Ɗayar ta tuna min cewa a jikin buhun an rubuta masara da shinkafa da kaza da man kifi, kuma ba a rubuta wanda ya yanka kazar ba. Na durƙusa na faɗa masa.

Kawu ya daina tauna. Ya ɗauki buta ya fita, na ji yana kurkure baki yana istigfari, na daina ƙirgawa a na bakwai. Da ya dawo na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai ya ce, "Tashi ka nuna min mai abincin."

Na manta Kawu tsohon mafarauci ne. Ya tsaya a ƙofar gareji ya yi wani ɗan fito, Kwamanda da ba ya jin umarni sai da Turanci ya kwanta yana kaɗa wutsiya. Kawu ya ce karnuka bakwai ya riƙe a zamaninsa, da kunun dusa da ƙanzo da abin da mahauta suka rage, kuma ba zomon da ya taɓa kai ƙararsu cewa ba sa gudu. Ya sa na kawo ruwan ɗumi, ya zuba a kan busasshen, ya bar shi ya jiƙa kamar yadda ake jiƙa ƙanzo. Ƙamshi ya tashi. Kwamanda ya cinye ya nemi ƙari. Na kira Dokta, ya ce ba laifi, sai dai kada a bar jiƙaƙƙen ya wuni a kwano. Tambayar da yaron kanti ya yi min, wadda ta cinye min barcin mako guda da mutuncina a wajen Liman, Kawu ya amsa ta da rabin buta.

Yaya ya dawo ya ɗauki kayansa. Kwana biyu sai ga wayarsa: me na yi wa karensa, ya ƙi cin komai sai an jiƙa, kuma sai an yi masa fito? Na ba shi lambar Kawu. Uwargida kuwa ta sa na sayo sabuwar roba, shuɗiya, ta rubuta sunanta a murfi da jan fenti.

Da babbar Salla Kawu ya dawo. Aka kawo masa cincin a faranti, sabo, yana ƙamshin madara. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya sunsuna, ya ɗaga shi wajen haske. Sannan ya miƙo min.

"Ɗan nan, fara ci in gani."