Jinjina Ga Lauyoyin Mahaƙan Kwal

Sannunku da aiki, lauyoyin Ingila, gatan marasa gata! Wanda duk ke neman sanin yadda ake riƙon amana, ya je ya tambayi tsofaffin mahaƙan kwal na yankin Yokshaya, idan numfashinsu zai bar su su amsa.

Mutanen nan sun ƙarar da ƙuruciyarsu a ƙarƙashin ƙasa. Ƙura ta cinye huhun wasu, girgizar injin haƙa ta kashe wa wasu yatsu, har maɓallin riga ya gagare su. Kotu ta ɗora laifin a kan kamfanin kwal na gwamnati, a 1999 aka buɗe shirin biyan diyya, buƙatu sama da 700,000 suka shigo. Gwamnati ta kuma ɗauki nauyin biyan lauyoyi, don kada a taɓa ko kwabo a haƙƙin mai ciwo. Nan ne fa hazaƙarku ta bayyana.

Madalla da kamfanin Beresfords na Donkasta, da ya gane cewa hannu biyu Allah ya ba ɗan Adam. Da na dama aka karɓi lada daga gwamnati, da na hagu aka yanki wani kaso daga diyyar tsohon da ke tari. Me zai yi da kuɗi masu yawa, mutumin da ko matakalar bene ba ya iya hawa? Ai rage masa kaya aka yi. Har sai da aka kira Jim Beresford lauyan da ya fi kowa samu a Birtaniya. Sai ga kotun ladabtar da lauyoyi, wadda ba ta san darajar mai ƙwazo ba, ta soke sunansa da na abokin aikinsa a Disambar 2008.

Amma ni kamfanin Raleys na Banzili ya fi burge ni, saboda kunyarsa. Irin kunyar da ba ta barin lauya ya haɗa ido da wanda yake wakilta. Shirin ya tanadi ƙarin kuɗi ga wanda yatsunsa suka mutu har ya daina iya gyaran lambu, ko fentin ɗaki, ko wanke taga, sai an yi masa. Zama na minti goma ya isa a fahimtar da mutum wannan. Ina! Lauya mai mutunci ba ya takura wa dattijo da tambayoyi. Wasiƙa iri ɗaya aka buga aka aika wa kowa, da fom mai akwatunan cikewa. Wanda ya gane, sa'arsa. Wanda bai gane ba ya sa hannu, aka rufe fayil, aka jawo na gaba. A 2015, a ƙarar da wani mahaƙi ya kai Raleys, kotun ɗaukaka ƙara ta kira wannan ladabi da sunan sakaci, ta ce ko wayar tarho da an buga wa mutumin. Wayar tarho, jama'a! Da wane lokacin, alhali dubban fayiloli na jiran a mayar da su kuɗi?

Kuma dubi yadda sana'ar ke riƙe zumunci. Wanda lauya ya cuta, idan zai kai ƙara kotu, yawanci sai ya nemi wani lauyan. A ƙa'ida shekara 6 gare shi kafin ƙofa ta rufe. Idan ya samu shiga, Kotun Ƙoli ta ce a 2019, a wata ƙarar da aka kai Raleys ɗin dai, shi ne zai fara tabbatar da cewa da an ba shi shawarar kirki, da ya nemi ƙarin kuɗin bisa gaskiya. Wato mai mataccen yatsa ya sake miƙo hannu a duba.

Raleys kuwa tun 2016 ya durƙushe, ya huta da amsa tambayoyi. Da yawa daga cikin mahaƙan ma sun huta, tun kafin takardar diyyarsu ta iso gida, matansu ne suka buɗe ambulan.