Waɗanda Suka Tsayar da Ni a Shafi na 47

A garinmu abu biyu ne ke sa jama'a su yi wa mutum kallon mai buƙatar taimako: a gan shi yana karatu ba jarrabawa a gabansa, ko a gan shi yana tafiya a ƙasa da kuɗin mota a aljihunsa. Ni kuwa Allah ya ɗora mini duka biyun. Jakata ba ta rabo da littafi, takalmina ba ya shekara. Da na ji labarin wani gari sai tafin ƙafata ya soma ƙaiƙayi, da na zauna a mota sai hannuna ya zarce jaka.

Akwai wani ƙaton littafin tarihi da na saya takanas don hanya. Ya je Zariya ba adadi, ya je Katsina, ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ya ƙetare iyaka ta Jibiya ya kwana a Maraɗi. Bangonsa ya sha man ƙosai, ya sha ƙurar hunturu. Amma har yau 'yar takardar da nake sa alama da ita tana nan a shafi na 47. Ga waɗanda suka tsayar da ni a wurin, don ranar da aka tashi shari'a kowa ya san laifinsa.

Mai leƙe

Da shi za ka fara haɗuwa, tun mota ba ta cika ba a tashar Unguwa Uku. Ba sallama, ba tambaya. Numfashinsa kawai za ka ji a wuyanka, da ɗan ƙamshin goro. Haka za ku kama hanya kuna karatu kafaɗa da kafaɗa, kamar almajirai biyu masu allo ɗaya. Abin haushin, saurinku ba ɗaya ba ne. Ka kai ƙarshen shafi, ka lashi yatsa za ka buɗe, sai ka ji an dafe maka hannu: "Haba Malam, dakata mana, saura layi uku." Ka dakata. Ya gama, ya gyaɗa kai, ya ba ka izinin buɗe littafinka. Wajen Kura zai fara gyara maka riƙo, wai kana kare masa haske. Kafin Kwanar Ɗangora littafi ya koma cinyarsa, kai ne ke leƙe.

Inna mai addu'a

"Ɗan nan, jarrabawa za a yi?" A'a Inna, karatu kawai nake. "To aikin gwamnati ake nema?" A'a. "To me za a ba ka in ka gama?" Ba komai. Sai ta yi shiru, ta dubi littafin, ta dubi furfurar da ta fara tsiro maka a gemu, ta yanke hukunci a ranta: kunya ce ta hana ka faɗin gaskiya, Wayek ka faɗi tun zamanin Shagari kake ta maimaitawa. Nan take ta ɗaga hannu sama, Allah ya ba da sa'a, Allah ya sa wannan karon a dace, Allah ya kunyata mahassada. Mota ta ɗauka da amin, har direba. Kai ma ka shafa, tunda ba a mayar da addu'a. In za ta sauka ta danƙa maka ƙullin aya, abin taunawa in an zauna bita da dare.

Likitan tasha

Wannan zai tabbatar maka karatu a mota yana tsiyayar da ruwan ido, yana kawo hajijiya, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwa. Har shaida gare shi: wani ɗan unguwarsu ya yi boko har ya zarce, yanzu yana bakin kasuwa yana ba motoci hannu da Turanci. Ba ka gama tsorata ba sai ka ji ya zuge jaka. Ashe Allah ya kawo ka gidan sauƙi. Gari ne guda a ƙullin leda, yana maganin ido, basir, shawara, sanyin ƙashi da mantuwa. Bayanin maganin kuwa an buga shi da rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, don haka sai ya miƙo maka takardar, mota na tsalle a ramuka: "Malam, tunda kai ne mai karatu, karanta wa jama'a su ji."

Tsohon hedimasta

Za ka gane shi da hula zanna da ta koɗe da biro biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi. Da ya ga littafi a hannunka fuskarsa ta washe kamar ya gamu da ɗan garinsu a Makka. Zai karɓa, ya juya, ya duba inda aka buga. In bai ga Zariya ba sai ya taɓe baki. A wurinsa an rufe ƙofar rubutu tun ranar da Abubakar Imam ya ajiye alƙalami.

Daga nan jarrabawar da Inna ta yi maka addu'a a kanta ta iso. "Wace shekara aka yi gasar ƙagaggun labarai ta farko?" A 1933, ranka ya daɗe. "Wa ya shirya ta?" Rupert East, a Zariya. "Lissafo mini littattafan da suka fito daga cikinta." Ka fara: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Sai na biyar ya ɓace maka ɓat. Zai bar ka kana zufa tun daga Tashar Yari har Kwangila, sannan ya ce a hankali, "Jiki Magayi. Yaran yanzu ke nan." Kai da 'yarka ta isa aure.

Kuskuren da za ka yi shi ne ka gaya masa kana son tafiye-tafiye. Zai gyara zama ya tuna maka cewa Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya fita waje, ya dawo ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. "To kai da kake ta gantali, me ka rubuta?" Ya ciro jan biron yana juya shi a hannu, kamar mai neman inda zai sa maka sifili.

Hajiya mai lasifika da Malam mai nasiha

Waɗannan tare suke zuwa, kamar tuwo da miya. Malam ne ke farawa. "Wannan na addini ne?" Tarihi ne, Allah gafarta Malam. "Ka sauke Ahalari? Ishmawi fa? Iziyya? Ka taɓa Risala?" Ya yi maka nasiha a kan ɓata lokaci da labaran duniya, nasiha mai kyau wadda ba ka da bakin musawa. Ka sunkuyar da kai ka ce na gode.

Ana cikin haka Hajiya ta kunna wayarta. Ita 'yar gida ce a harkar karatu. Tun shekarun 1990 take ciki, zamanin da ake karɓar hayar littafi a kwana a mayar. Ta karanta Balaraba Ramat Yakubu, ta karanta Bilkisu Funtuwa, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa a tsakiyar littafin lissafi ta ɓoye shi ta sauke. Yanzu ido ya yi rauni, ta koma sauraro, wani ke karanta mata a waya, kuma ba ta yarda da abin saƙalawa a kunne ba. Saboda haka mu duka 'yan bas muke sauraro. Ita kuma tana sharhi: "Munafuka! Wallahi asiri ta yi masa!" Ka maimaita layi ɗaya sau bakwai, har Sarki Muhammadu Rumfa ya cakuɗe maka da uwar miji da kishiya. Daidai inda amarya ta kama ƙofa za ta buɗe, sai sabis ya ɗauke. Mota ta yi tsit. Muryar da ta fara fitowa ta Malam ce: "Hajiya, ɗaga wayar sama mana. Sakin nata ya yi ko kuwa?"

Mai aro

"Ara mini, gobe-gobe zan dawo da shi." An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma na ga mutanen da suka cika kanta guda da shi. Su ma aji-aji ne. Akwai wanda zai ara ya ba wani aro, wanin ya ba surukinsa, surukin ya tafi da shi Gusau. Akwai wanda zai dawo da shi ba bango ba shafin ƙarshe, ya ce yara ne. Na taɓa sayen tsire na tarar da babi na uku na wani littafina ya sha ƙuli da yaji, da rubutun hannuna a gefe. Gwarzonsu kuwa shi ne wanda na tarar da littafina a ɗakinsa bayan shekara biyu, ya soke sunana ya rubuta nasa. Na ce ya ara mini. Ya girgiza kai: "Ka yi haƙuri, na daina ba da aron littafi. Mutane ba su da amana."

To, sai ka ce bari ka sauka daga motar ka taka da ƙafarka, ko ka sami sarari. Ina! Na ƙasa sun fi na mota yawa.

Ɗan adaidaita

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, titi ya zama nasa, kuma a ganinsa duk mai tafiya a ƙasa ɓataccen fasinja ne. Zai rage gudu ya jera da kai yana matsa ham. "Alhaji, ina muka nufa?" Miƙe ƙafa nake. "Shigo ka miƙe ta a ciki mana, ba kowa." Ka ce ka gode. Ya rage kuɗi. Ka ce ba kuɗi ne matsalar ba. Ya sake ragewa. Can tausayi ya kama shi: "Hau don Allah, kyauta. Kowa yana shiga wani hali." In ka ƙi, ya fizgi kekensa ya bar ka da hayaƙi da kalma ɗaya, girman kai.

Ɗan'uwa mai rufin asiri

Ya hango ka daga cikin motarsa wajen Ƙofar Nasarawa, jaka a kafaɗa, zufa a goshi. Bai tsaya ba, don kada ya ba ka kunya. Kafin ka isa marinar Ƙofar Mata labari ya riga ka zuwa gida: wane ya karye, har babur ɗin ya sayar. Da magariba Yaya Babba ta kira, murya ƙasa-ƙasa, ta ce arziki da rashi duk na Allah ne, an kuma aiko yaro da shinkafa kwano biyu. Na taɓa cewa likita ne ya sa ni tafiyar, don in huta da bayani. Washegari aka ce ciwon suga ne ya kama ni. Mako guda ana sallama da zogale.

'Yan majalisa

Benci, inuwar darbejiya, butar shayi. Ka tsaya gaban ragowar ganuwa, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta sama da shekara 800 da suka wuce, ka ciro ɗan littafi ka rubuta layi biyu. Musun ƙwallo ya tsaya cak. Nan da nan majalisa ta rabu uku: masu cewa ma'aikacin filaye ne, rusau ya zo, masu cewa ɗan jarida ne, da masu cewa kansila yake nema. Sai a turo mai bakin cikinsu. "Sannu da aiki, Yallaɓai. Layin namu ya shiga?" Ka ce kallo kawai kake. Ya dubi ganuwar, ya dube ka. "Kallon me? Ai ƙasa ce." Ya koma ya ba da rahoto cewa ka ƙi faɗa, abin babba ne.

Jikan Barbushe

Ka hau Dala da haki, ka sami dutse ka zauna. Ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin masallacin Juma'a, ga birni shimfiɗe har inda ido ya gaza, ga iska. Ka ce alhamdu lillahi, yau za a wuce 47. Sai inuwa ta rufe shafin. Shi ne, wanda ba ka ɗauka ba amma ya ɗauki kansa ɗan rakiya. Ta wajen uwa, in ji shi, jinin Barbushe ne. Zai nuna maka daidai inda Tsumburbura take, da inda kakan nasa ke sauke giwa in ya saɓo ta daga daji. Na hau Dala sau huɗu, kowane hawa giwar sai ta ƙaru da ɗaya. Ya dubi littafin ya tambayi na mene ne. Ka ce tarihi. Ya yi murmushin tausayi, ya zauna, ya rufe maka shi da hannunsa: "Duk abin da ke ciki ji suka yi. Bari ka ji daga bakin mai shi." In ya gama kuma akwai na goro.

Na ƙarshensu

Kwanan baya na taso daga tashar Kawo a Kaduna. Allah ya haɗa ni kujera da wani yaro, bai fi shekara 15 ba, ya duƙufa a kan wani ɗan siririn littafi, ko ɗago kai ba ya yi. Raina ya yi fari. Na ce wannan ba zan dame shi ba, na san zafin abin.

Na dai ɗan karkata don in ga bangon. Shaihu Umar ne. Na ƙara karkatawa kaɗan don in ga inda ya kai. Ya zo buɗe shafi, na ji hannuna ya dafe nasa. Na tambaye shi ko jarrabawa za su yi, ya ce a'a Baba. Na tambaye shi ko ya san wanda ya rubuta shi ne ya zama firayim ministan Najeriya, ya ce ya sani. Na ce to lissafo mini sauran huɗun. Na gargaɗe shi da karatu a mota saboda ido. Wajen Jaji kuma, don tsabar ƙauna, na ce, "Ka kai inda uwar tasa ta same shi bayan duk wahalar nan, ta rasu?"

Yaron ya ɗago ya dube ni. Na san kallon, shekara da shekaru ina yi wa mutane shi. Ya yagi gefen wata takarda ya sa alama, ya rufe littafin a hankali, ya tura shi can ƙasan jaka inda ba mai cewa a ara masa.

Na riga na leƙa. Shafi na 17 ne. Shi ko 47 ɗin ban bar shi ya kai ba.