Shafi na ɗaya da bashin suruki

Kawu yana sayar da kayan waya a shago biyu, ɗaya a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni, ɗaya a Gyadi-Gyadi. Da littafin bashinsa ya fara zubar da ganye, sai ya kira gogan naka, wato mai wannan rubutu, wanda dangi suka naɗa wa rawanin Injiniya tun ranar da ya gyara wa wata gwaggo WhatsApp.

Gogan ya ɗauko Laravel, ginshiƙin gina manhajar intanet da Taylor Otwell ya fitar a 2011. Idan ba ka ce masa komai ba, suna 15 yake jerawa a kowane shafi, sai masu cin bashin Kawu suka cika shafi 40 bisa jerin haruffa. Aiki ya yi kyau. Matsala ɗaya ce tak: Kawu zai lallaɓa har shafi na 37, ya rage wa wani bashi, ya danna ajiyewa, sai manhaja ta wurgo shi shafi na ɗaya. A saman shafin kuwa sunan surukinsa ne, uban amarya, da kuɗin caja tun na bara, allon kwamfuta kuma yana fuskantar masu ciniki. Kafin la'asar duk layin ya san abin da ake bin Alhaji.

"Ɗan nan, aurena kake son kashewa?"

"Kawu, haka intanet take."

Gaskiya gogan ya faɗa, ko da yake ba ta cece shi ba. Ƙa'idar HTTP da Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar CERN wajen 1990 ba ta riƙe komai a ka. Kamar akawu ce mai manta fuskarka da zarar ka juya baya, kowace buƙata sai ka sake gabatar da kanka. Don rage wannan mantuwa Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kukis a 1994. Lambar shafi dai, in ba ka aika da ita ba, sabar ɗauka take daga farko kake so.

Sai gogan ya yi dabara: ya sa sabar ta riƙa adana shafin ƙarshe da kowane mai asusu ya buɗe. Abin da bai lissafa ba, shagunan biyu da asusu ɗaya suke shiga, kalmar sirrin ma a jikin bango take rubuce. Kawu na Tarauni yana kan su Usman, yaron shago na Gyadi-Gyadi ya leƙa su Bala, Kawu ya danna ajiyewa ya tsinci kansa cikin Balaye. Ya haƙiƙance an yi wa kwamfutar sammu, har ya fara cigiyar mai ruƙiyya.

Maganin ashe a fili yake. A liƙa lambar shafin a adireshin da ke saman burauza, maɓallin gyara ya tafi da ita, bayan ajiyewa a dawo da mutum kanta. Kowa da adireshinsa, ba mai ture wani.

Kasuwa ta lafa, sai wani bawan Allah mai suna da harafin Z, shi kaɗai a shafi na 40, ya zo ya biya. Kawu ya goge shi. Manhaja ta bi umarni ta koma shafi na 40, wanda yanzu babu shi, ta nuna allo fari fat. Salatin Kawu sai da ya tara maƙwabta, don a zatonsa dukiyar shekaru ta bi iska. Gogan ya haye adaidaita daga gadar Dangi yana karanto duk addu'ar da ya haddace, ya iso ya danna shafi na 39, ga masu bashi nan zaune lafiya lau.

Layi uku suka rufe ramin: idan shafin da aka nema ya wuce na ƙarshe, a kai mutum shafin ƙarshen. Masu amfani da Django, wani ginshiƙi irin Laravel, sun sami wannan a shirye tun fitowa ta 2.0 a 2017.

Kuɗin aiki kuwa Kawu ya ce a bi shi bashi, manhajar kuma ba ta da shafin waɗanda ke bin Kawu.