Baristan Unguwa

Sati biyu da fara karatun lauya a Jami'ar Bayero, duk Mandawari ta koma kiran ƙanena "Barista". Farar riga da baƙin wando ne suka ja masa. Kullum da sassafe yana Kabuga yana musun canji da mai adaidaita, kuma har yau ko sau ɗaya bai yi nasara ba.

Jiya Gwaggo ta aiko a kira shi: akuyar maƙwabta ta cinye mata shanyar kuɓewa, diyya take so. Ya gyara murya, ya fara zuba Latinanci. Ta ce, "Kai ɗan nan, zagina kake yi?"

Mai unguwa ya kashe maganar kafin a kira la'asar. Barista kuwa saura masa shekara 5, sannan makarantar lauyoyi ta Bagauda.