Takarda Zuwa Ga Kogin Usuma, Wanda Ake Kira Malam Usman

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan ka gangaro daga duwatsun Bwari lafiya, tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: yaushe aka sake raɗa maka suna, kuma su wa suka cinye ragon? A taswira kai Usuma ne. Amma mutum ya tsaya a Dutse Alhaji ya ce wa ɗan acaɓa ya kai shi Usuma, sai ya tsaya kallonsa. Ya ce Dam ɗin Usman, tuni an tada babur.

Kada abin ya ɓata maka rai, a wannan yanki suna ba ya daɗewa hannun mai shi. Ita kanta Abuja da kayan aro take ado. Garin Abu Ja ne da aka kafa a 1828 a bakin kogin Iku, bayan dokar 1976 aka ɗauke sunan aka liƙa wa sabon birni, tsohon gari ya koma Suleja albarkacin Sarki Sulaimanu Barau. Maƙwabciyarka Ushafa, leƙowa kawai Bill Clinton ya yi a 2000, har yau wasu na ce mata ƙauyen Clinton. Gbagyi kuwa, da matansu suka daɗe suna ɗaukar tulun ruwanka a kafaɗa, mu muka ce musu Gwari, ba mu nemi izinin kowa ba.

Ni ma da ƙorafina. Tun da aka datse ka a shekarun 1980, ka zama ɗan birni. Kana Maitama kana wanke mota, kana Asokoro kana shayar da furanni. Da aiki ya fi ƙarfinka, aka janyo maka Gurara ta bututu mai tsawon kilomita kusan 75, wato yayanka da kake zuba a cikinsa bayan ka wuce Gwagwalada, shi aka mayar ɗan aikenka. To mu da kake ratsa bayan gidajenmu fa? Kullum da asuba ɗan garuwa ke turo mana kura, jarkoki na zubar da rabi a hanya, kuɗin kuma ba ragi.

Ina jiran amsa. Sai dai don girman Allah ka ba wani saƙon, kada ka kawo da kanka cikin watan Agusta, don mutanen Gwagwalada sun ba ni labarin yadda kake shiga gida ba sallama.

Naka,
Mai sayen jarka, Kubwa